Dalilin da ya sa folda mai suna ’yan aji ke aiki a Windows amma ta ƙi a Linux

Ɗalibin da ya saba da baƙin allon umarni na Windows, wato cmd, kan sha mamaki ranar da ya fara taɓa Linux. A ce yana da folda mai suna 'yan aji. A Windows in ya rubuta cd 'yan aji, nan take zai shiga. A Linux kuwa, manhajar bash sai ta yi shiru tana jira, domin a wurinta waƙafin sama da ke farkon 'yan alama ce ta buɗe zance, kuma ba ta ga inda aka rufe ba. Ko babu waƙafin ma, giɓin da ke tsakanin kalmomin biyu zai sa ta ɗauka suna biyu aka ba ta. Maganin shi ne a killace sunan: cd "'yan aji".

Giɓin nan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Nuwamban 2001, manhajar da ke girka iTunes 2 ta kamfanin Apple ta share wa wasu mutane bayanansu, saboda umarnin gogewa da ke cikinta bai killace sunan faifai mai giɓi ba. Wannan kuma kamfanin ƙwararru ne, balle mai koyo.

Akwai kuma batun sandar da ke raba sunaye. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969, yana amfani da /, kuma Linux da macOS sun bi sahu. Amma lokacin da MS-DOS 2.0 ya zo da foldoji a 1983, an riga an ba / wani aiki, na ƙara sharaɗi a kan umarni kamar dir /w, sai aka ɗauki \ a madadinta. Matsalar ita ce a bash wannan \ na nufin "ɗauki harafi na gaba yadda yake", don haka adireshin Windows da aka liƙa a can yakan narke, sandunan su ɓace.

Manya da ƙananan baƙaƙe ma haka. A Linux, Kano da kano foldoji biyu ne daban, alhali Windows da macOS, a saitinsu na asali, suna ɗaukarsu abu guda. Windows kuma har yau yana ƙin a sa wa folda suna CON ko PRN ko NUL, gadon da ya ci daga zamanin DOS, lokacin da sunayen ke nufin allo da firinta.