Gandun Daji: Ina Aka Kwana?

Duk wanda ya sayi itace ko gawayi a kasuwar Tudun Wada ya san daga nesa ake kawo su yanzu, kuɗinsu kuwa kullum sai hawa. Dalili ke nan ya kamata manomi da ɗan kasuwa su san yadda maganar gandun daji take.

Gandun daji shi ne dajin da hukuma ta shata, ta hana noma da farauta da cuna wuta a ciki, sare itace kuwa sai da izni. Amfaninsa a fili yake. Saiwoyin doka da maɗaci da kirya su ke riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. Ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki, ƙasa ta sha ruwa a hankali, rafi ya daɗe bai ƙafe ba da rani. Watau mai lambu a bakin Galma ko Kubanni yana da rabo cikin dajin da bai taɓa gani ba.

Tun zamanin Turawa ma'aikatan daji suka yi nufin keɓe kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Nijeriya. Abin da aka samu bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma ba. Duk da haka an taɓa aiki. A 1936 En'e ta Birnin Gwari ta keɓe dajin Kamuku, a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa, girmansa wajen murabba'in kilomita 1,120. A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari a ƙasar Bauchi, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, har yau kuwa da sauran giwaye a ciki. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya domin Fulani. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yarda a ƙara gandun ƙasa goma, cikinsu har da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina.

To, amma shata iyaka a takarda daban, tsaronta daban. Mutane sun yi yawa, gonaki sun ci gefen daji, masu gawayi sun shiga tsakiya, masu gadi kuwa kaɗan ne, ba isassun kayan aiki. Dajin da babu mai kewaya shi, ɓarayi su ke gadonsa. Haka ya faru a Kamuku da Rugu, inda 'yan bindiga suka sami mafaka, manoman kewaye da yawa suka bar gonakinsu. A watan Maris 2021 har aka sace ɗaliban makarantar aikin daji ta Afaka, kusa da Kaduna.

Ke nan an yi rabin aiki: an keɓe, ba a tsare ba. Abin da ya rage wa Gwamnati shi ne ta ƙara masu gadi, ta sabunta alamun iyaka, ta kuma sa hakimai da dagatai cikin sha'anin, a bar wa mutanen kewaye hanyar ɗiban zuma da kaɗanya da ciyawa bisa ƙa'ida, domin wanda ke cin moriyar daji shi zai tsare shi.

Manomi kuma da nasa aikin. Kada ya sare ɗorawa da gawo da kaɗanya a gonarsa. In ya ga tsiron itace ya fito wajen sharar gona, ya rage masa rassa ya bar shi. Ya kuma yi hattara da wuta in kaka ta yi. Da sanyin safiya ake kama fara.