Ko Ka San Gumi Na Iya Kashe Soja a Cikin Ƙanƙara?

A ƙarshen watan Nuwamba na 1950, yaƙin Koriya ya kai sojojin Amurka tsaunukan da ke kewaye da tafkin Chosin, inda sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Takalman da aka ba su masu gindin roba ne, ruwa ba ya shiga. Matsalar ita ce gumi ma ba ya fita. Soja zai yi ta tafiya har safarsa ta jiƙe sharkaf, da ya tsaya sai gumin ya daskare a ƙafarsa. Dubban sojoji sanyi ya raunata a wannan fafatawa, wasu sai da aka yanke musu yatsu.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tufa ba ta da zafin kanta. Jiki ne ke samar da ɗumi, aikin tufa kawai ta riƙe iskar da jiki ya ɗumama kada ta tsere. Da zarar ta jiƙe kuwa, zance ya ƙare, domin ruwa yana janye zafi kusan sau 25 fiye da iska. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan: raɓar da ke tsattsafowa a bayanta, iska na kaɗa ta, ita ke sanyaya ruwan. Haka jikin sojan da ya yi gumi yake a cikin iskar ƙanƙara.

Shi ya sa ba a ba soja ƙatuwar riga guda ɗaya, sai dai kaya hawa-hawa. Tsarin da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ke amfani da shi, mai suna ECWCS, an fara shi ne a shekarun 1980 a cibiyar bincikenta da ke Natick, jihar Massachusetts. Samfurinsa na uku yana da matakai 7, an kuma tsara shi don sanyin da ya kai kusan digiri 50 ƙasa da sifili.

Mataki na farko 'yar riga ce shara-shara da wandonta, masu manne wa fata, su tsotse gumi su tura shi waje. Ba a yin su da auduga ko kaɗan, domin auduga tana shan ruwa ta riƙe shi, ba ta saurin bushewa. Tun a shekarun 1930 wani hafsan sojan Norway, Henrik Brun, ya ƙirƙiro singileti mai kama da ragar kamun kifi. Kallo ɗaya za ka ce ba ta rufe komai ba, alhali kowane rami a jikinta ɗan aljihu ne na iska mai ɗumi.

A kan wannan sai riguna masu laushi da ke tara ɗumi, sai mai tare iska, sai ta Gore-Tex wadda ke hana ruwan sama shiga amma tururin gumi yana ratsa ta. Na bakwai shi ne jibgegiyar riga mai cushe, wadda ake zurawa a kan komai idan an tsaya gadi ko hutu.

Ba a sanya su duka lokaci guda, kuma a ganina nan ne ainihin hikimar take. Kafin a fara tafiya da kaya a baya, ana umartar soja ya rage tufafinsa, ya fara taku yana ɗan jin sanyi. Wannan umarni yana da wuyar bi ga mutumin da haƙoransa ke kaɗawa, amma cikin 'yan mintoci jiki zai ɗauki zafi ba tare da ya jiƙe ba. Da an tsaya, maza a mayar da babbar riga kafin ɗumin ya gudu.

Wahalar Chosin ma ba ta tafi a banza ba. Bayanta aka fito da takalmin da aka rufe ulu ruf a tsakanin roba biyu, ta yadda ko ƙafa ta yi gumi ulun ba zai jiƙe ba, soja ya canja safa kawai. Farin samfurinsa har yau ana sanya shi a Alaska.