Gumakan Nok Da Giɓin Shekara Dubu A Tarihin Kudancin Kaduna

Cikin shekarar 1943 wani ma'aikacin haƙar kuza a kusa da Jama'a ya tsinci kan mutum na gasasshiyar laka, ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi don korar tsuntsaye. Daga gonar nan ne kan ya isa Jos, ya faɗa hannun wani Baturen mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanta ilmin tono kayan tarihi a Ingila. Da ya dube shi sai ya ga ya yi kama da wani ɗan gunki da aka tono tun 1928 a ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba. Wannan ne dalilin da ya sa aka laƙaba wa al'adar baki ɗaya sunan Nok, wato sunan ƙauyen da aka fara tsintuwa ne kurum, ba sunan da mutanen suka kira kansu da shi ba.

Matsalar farko ita ce ta sanin shekaru. Kayan da ake samu a ramukan kuza ruwa ne ya kwaso su daga mazauninsu, ya cakuɗa da yashi, saboda haka ba su faɗin lokacinsu. Sai a shekarun 1960 Fagg ya tona Taruga, kusa da inda Abuja take yanzu, ya sami gutsattsarin gumaka tare da muraran narka tama a inda masu su suka bar su. Awon gawayin wurin ya nuna ana narka ƙarfe a can ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Daga bisani 'yarsa, Angela Fagg, da masanin nan ɗan Nijeriya, Joseph Jemkur, suka ci gaba da aikin.

Bincike mafi zurfi kuwa shi ne wanda Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus ta soma a 2005 tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, da sansaninsu a Janjala ta ƙasar Kagarko. Sakamakonsu ya mayar da farkon al'adar zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, gumakan kuma suka bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, sa'an nan ƙarfe ya biyo baya. Ƙwayoyin hatsi da suka ƙone sun nuna manoman gero da wake ne, suna kuma cin atili. A 2021 masana na Jami'ar Bristol suka ba da sanarwar samun kakin zuma a jikin kusan sulusin tukwanen da suka auna. Abin mamaki, da wuya a sami gunki cikakke: galibi a farfashe ake tarar da su cikin ramuka, wani lokaci kusa da jerin duwatsu da tukwane da duwatsun ado waɗanda masu binciken ke ɗauka kaburbura ne. Ƙashi kam babu, domin ƙasar yankin tana cinye shi.

To, amma wajen ƙarni na farko na Miladiyya sai gumakan suka ɗauke, salon ginin tukwane ya sake. Daga nan har zuwa lokacin da rubuce-rubuce suka fara ambaton ƙasashen da ke kudu da Zazzau akwai tazarar fiye da shekara 1,000, kuma wannan tazara ita ce mafi ƙarancin bincike, alhali a cikinta ne Kano da Katsina da Zazzau suka kafu suka ƙasaita.

Rubutattun littattafai ba su cike giɓin ba. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, ya sanya Sarauniya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438, ya ce mulkinta ya kai Kwararrafa da Nufe. Jerin sarakunan Zazzau kuwa ya sanya Bakwa Turunku, wanda ake danganta haihuwarta gare shi, a wajen 1536. Saɓanin shekara 100 ke nan a kan mace ɗaya, kuma ita ce mafi shahara a tarihin lardin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, amma ƙarnoni bayan zamaninta. Har ila yau, malaman birane ne suka rubuta waɗannan littattafai, idonsu kuwa yana kan fada. Mutanen duwatsu ba sa shiga labari sai idan yaƙi ko haraji ya biyo ta kansu. Masarautar Jama'a kanta sai a farkon ƙarni na 19 aka kafa ta, Kafanchan kuwa jirgin ƙasa ne ya raya ta a shekarun 1920.

Saboda haka duk mai son sanin yadda kakannin Ham da Atyap da Bajju da Agworok da Fantswam suka zauna a waɗancan ƙarnoni, dole ya haɗa abu uku: tono kufai, da nazarin harsuna, da labaran da dattawa ke riƙe da su. Takardun Turawan mulki da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da na Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, suna da amfani, sai dai na baya-bayan nan ne. Ko tambayar da kowa ke yi, wato su wane ne jikokin mutanen Nok, masana suna taka-tsantsan da ita, domin kamannin kitso ko ado ba su isa hujja a kan shekara 2,000 ba.

Abin takaicin shi ne shaidar tana ƙarewa. Tun daga shekarun 1990 masu tonon sata suka mamaye yankin, kuma galibin wuraren da Jamusawa suka ziyarta sun tarar an riga an birkice su. Mai tonon sata gunki kaɗai yake nema; gawayi da tsingaro da kashin maƙera, waɗanda su ne ke faɗin shekaru, watsar da su yake yi, har da na zamanin da ya biyo bayan Nok da ke saman ƙasa. A shekarar 2000 aka baje gumakan Nok biyu a gidan tarihi na Louvre a Faris, aka yi ta cece-kuce, har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25.

Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin. A watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa a kusa da Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawunsu don ceto. An sako Turawan bayan 'yan kwanaki, amma tonon da suke yi a wurin bai ci gaba ba. Kayan da suka tono, waɗanda aka nuna a Frankfurt a 2013, an dawo da su Nijeriya, aka ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.