Sufetocin Da Ke Ƙirga Tokar Nukiliya

Galibin tashoshin da ke ba da wutar lantarki da ƙarfin nukiliya suna da wani babban tafki a cikinsu, mai zurfin kamar mita 12, ruwansa garai-garai. A nan ne ake jera sandunan yuraniyom da suka gama ci a murhun tashar, don su huce. To, wannan toka ita ce ta hana manyan ƙasashe barci, domin a cikinta ake samun fulutoniyom, watau sinadarin da aka yi bam ɗin da ya rushe birnin Nagasaki da shi a 1945. Babbar tasha guda takan tara wajen kilo 200 a shekara, alhali kuwa kilo 8 kacal ake lissafin zai isa bam ɗaya.

Saboda haka ne Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1957, take aika sufetocinta daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Duk ƙasar da ba ta da bam, in dai ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya wadda ta fara aiki a 1970, tilas ta buɗe musu ƙofa. Aikinsu ya fi kama da na mai binciken baitulmali. Sukan fara da duba littafin tashar, sa'an nan su hau gadar da ke bisa tafkin, su ƙirga dammunan sandunan ɗaya bayan ɗaya. Sandar da ta ci wuta takan ba da wani shuɗin haske a cikin ruwa, suna kuma da madubin ganinsa, ta yadda in an zare ta gaske an sa ta jabu, asiri zai tonu. Kafin su tafi sai su ɗaura hatimi, su bar na'urorin ɗaukar hoto suna gadi dare da rana.

Amma fa sufeto ba ɗan doka ba ne. Iyakacinsa ya kai rahoto, hukumar kuma ta kai ƙara gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Da can ma inda aka nuna masa kaɗai yake dubawa, sai da aka gano a 1991 cewa Iraƙi ta daɗe tana ƙoƙarin ƙera bam a asirce, a wuraren da ba ta bayyana ba, kana aka ƙara wa sufetoci ikon bincike a 1997.

Koriya ta Arewa kuwa ko ɓoyo ba ta yi ba. A watan Disamba na 2002 ta tsinke hatiman tasharta ta Yongbyon, ta rufe idon na'urorin, ta sallami sufetocin, daga baya kuma ta kwashe sanduna wajen 8,000 da suke tsaro. A 2006 ta gwada bam ɗinta na farko.