Hoton da ya shiga gilashi ba ta ƙofa ba

A Magama, bakin iyakar Jibiya, inda motoci ke miƙewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, aikin binciken kaya ya dogara ga ƙa'ida ɗaya: duk abin da ke cikin wani abu, ta baki ya shiga. Buhu yana da ɗinki, kwali yana da liƙi, tanki yana da murfi.

Amma akwai tsarabar da ke karya wannan ƙa'ida. Curin gilashi ne garai-garai, irin wanda alhazai kan zo da shi, ko wanda ake miƙa wa manya a wurin karramawa. Can tsakiyarsa ga hoton Ka'aba fari fat, ba abin da ke riƙe da shi. Shafa kowane gefe, sumul. To ta ina ya shiga?

Mutum zai fara zaton gilashi biyu aka manne. Ɗaga shi a rana. Mahaɗi ba ya ɓuya, nan kuwa babu shi. Sai a ce wani abu aka jefa tun gilashin yana narke. A kawo tabarau mai ƙara girma a duba, sai a ga hoton ɗigo-ɗigo ne dubbai, kowane ɗigo 'yar tsaga ce. Babu baƙon abu a ciki. Gilashin ne da kansa ya tsattsage, farin da ake gani kuwa haske ne ke warwatsuwa in ya ci karo da tsagar.

Hasken leza ne ya yi wannan aiki, kuma a nan ne maganar ta ƙara ɗaure kai. Ai gilashi ba ya tare haske, shi ya sa muke gani ta cikinsa. Yaya abin da ke wucewa salin-alin zai yi ɓarna, kuma ya tsallake fatar waje?

Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa. Ƙwaya ɗaya ta koren haske ba ta da ƙarfin fizge lantarki daga ƙwayar zarrar gilashi, don haka sai ta wuce. Kamar buhun da ya fi ƙarfin ɗan dako ɗaya ne: ko dubu suka zo ɗaya bayan ɗaya ba zai ɗagu ba, amma in biyu ko uku suka kama tare, sai ya tashi. Wata masaniyar kimiyya, Maria Goeppert-Mayer, ta lissafa yiwuwar hakan a 1931, tun ba a ƙera leza ba, domin sai 1960 aka yi ta farko.

Saura a tilasta wa ƙwayoyin isowa tare. Sai a matse hasken cikin walƙiyar da ba ta wuce 'yan kaso cikin biliyan na daƙiƙa ba, a kuma tattara shi da tabarau kan ɗigo guda. A fatar gilashin hasken yana baje, bai isa komai ba. A wurin tattaruwar kaɗai lantarki ke ɓallewa, waɗanda suka ɓalle su tunkuɗe wasu, wurin ya yi zafi ya tsage. Kwamfutar da ke sarrafa lezar ta matsa zuwa ɗigo na gaba. Daga can nesa take farowa tana dawowa, don kada tsagar baya ta tare hanya, kuma ba ta bari ɗigo ya kusanci ɗigo da yawa, in ba haka ba tsagogin su haɗe curin ya dare.

A 1985, a Jami'ar Rochester ta Amurka, Donna Strickland da Gérard Mourou suka gano yadda za a ƙarfafa walƙiyar da ta fi wannan gajarta nesa ba kusa ba, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2018. Irin wannan walƙiya tana ƙarewa kafin zafi ya bazu, shi ya sa likitoci ke yanka garai-garan ɓawon gaban ido da ita ba tare da wuƙa ba.