Rufin Ɗaki: Yadda Za A Rage Zafi Da Kuɗin Wuta

Jama'a, a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Kwanon rufi yana ɗaukar zafin rana, ya sako shi cikin ɗaki. Sai fanka ta kwana tana juyawa, kuɗin wutar KEDCO ko na man janareta ya ƙaru. Yara da tsofaffi su suka fi shan wahala.

Maganin wannan shi ne silin. A sa shi ƙarƙashin kwano, a bar rata tsakaninsu. Silin da iskar ratar su ke tare zafi. Mai hali ya sa na katako, marar hali ya sa zana ko tabarmar kaba. Amma a nisanta wayar wuta da fitila daga zana, saboda gobara.

Soron azara da ƙasa ya fi kwano sanyi da rana. Da hunturu kuma yana riƙe ɗumi, don haka itacen jin ɗumi ya ragu. Sai dai a yi masa yaɓe kafin damina.

A shafa wa kwano farin fenti, a dasa darbejiya yamma da ɗaki. Mai shirin gini ya tuna: tun ran gini, ran zane.