Kiwon Macijin Bishiya: Wanne Ne Mai Sanyin Hali?

A ƙasar Hausa in an ga mutum riƙe da maciji, to gardi ne ya fito wasa a bakin kasuwa. Amma a Turai da Amurka akwai mutane da yawa da ke ajiye maciji a ɗaki kamar yadda ake kiwon tantabaru ko aku, har wasu ba su son kome sai macijin bishiya, saboda kyawun launinsa da yadda yake naɗe jiki a kan reshe. Ba mamaki wani ɗan Arewa mazaunin Kurmi ya ga hotunansu, ya waiwaya ya ga koren maciji a bishiyar bayan gidansa, ya ce ga nasa a ɓagas. To, a nan haɗarin yake.

Wanda ya fi suna cikin macizan bishiya da ake kiwo shi ne koriyar mesa ta tsibirin Niyu Gini da gabashin Indunisiya da arewacin Ostareliya. Ba ta da dafi, tsawonta kuwa kamar ƙafa 5 zuwa 6. Ana ƙyanƙyashe ta rawaya ko ja, sai ta tasa sannan ta rikiɗe ta koma koriya. Takan yini a naɗe kan reshe kamar sirdi, kanta a tsakiya, da dare kuma ta tashi farauta. Sai dai masu kiwonta sun ce abar kallo ce, ba abar ɗauka ba. Haƙoranta dogaye ne, kuma ƙashin bayan ƙaramarta ba shi da ƙwari, in an fizge ta daga reshe sai ta sami lahani. A wurinsu waɗanda suka fito daga tsibirin Biyak sun fi zafin rai, na tsibiran Aru kuwa sun fi haƙuri.

Macizan bishiya na dajin Amazon, ko da yake su ma ba su da dafi, an san su da saurin kai cizo, don haka ba na ɗan koyo ba ne. Wanda ke son macijin da zai riƙa ɗauka a hannu akan ba shi shawarar mesa mai zanen darduma ta Ostareliya, wadda ke hawa bishiya tana sauka. Tana ƙarama takan kai cizo don tsoro, amma in ta girma a hannun mutane sai ta yi sanyi. Akwai kuma ɗanyen ciyawa na Amurka, siriri, mai cin gyare da tsutsa da gizo-gizo, wanda da wuya ya ciji mutum. Illarsa ita ce yawancin waɗanda ake sayarwa daga daji aka kamo su, kuma ba su cika daɗewa a keji ba.

Wannan ya nuna cewa asalin maciji ya fi launinsa muhimmanci. Wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo ya saba da mutane, ya saba da cin ɓeran da aka ba shi. Wanda aka kamo a daji kuwa yakan zo da tsutsar ciki da firgita, ya ƙi cin abinci. Wani bincike da aka buga a shekarar 2011 ya gano cewa mafi yawan korayen mesa da ake fitarwa daga Indunisiya da sunan na kiwo ne, a daji aka kamo su.

Macizan bishiyar Nijeriya fa? Gaskiya ne akwai korayen da ba su da wata illa. Amma a dazuzzukan Kudu da gonakin kwakwar manja akwai koriyar mamba, mai tsawon ƙafa 6 ko fiye, wadda dafinta ke tsai da numfashi. Akwai kuma wanda ake kira bumsilan, mai manyan idanu, wanda dafinsa ke hana jini daskarewa. Mutumin da bai ƙware ba, ba zai iya bambanta su da marasa dafi cikin ganye ba, kuma shirun maciji ba haƙuri ba ne.

Ko ƙwararru ma ba su tsira ba. A watan Satumba na 1957 aka kai wa Karl Schmidt, babban masanin macizai a birnin Shikago, wani ƙaramin maciji don ya faɗi irinsa. Ya ɗauke shi a hannu, ya sare shi a babban yatsa. Ashe bumsilan ne. Da yake ƙarami ne, malamin bai zaci zai yi kisa ba, sai ya zauna yana rubuta abin da yake ji a jikinsa. Kashegari ya mutu saboda zubar jini a ciki.

Wanda duk ya ƙudura niyyar kiwon, to ya san ɗawainiyar da ke gabansa. Keji mai tsayi ake so, mai rassa a gicciye da murfi mai kulle. Koriyar mesa na son ɗumi da laima, shi ya sa iskar Ikko ta fi dacewa da ita bisa hunturun Arewa. Tana cin ɓera bayan kwana 10 ko mako 2, tana kuma iya kai shekara 15 zuwa 20 a raye. Wajibi ne a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, domin kashin macizai na ɗauke da ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga yara. Ban da haka, cinikin mesa tsakanin ƙasashe sai da takardar izini, bisa yarjejeniyar duniya ta 1973 wadda Nijeriya ke cikinta, ga kuma dokar kare namun daji ta 1985.

Sai kuma haƙƙin maƙwabta. Mai zaman ɗakin haya a Agege ko Sabo ta Ibadan, inda tsakar gida ɗaya ce ga iyalai da dama, ya tuna cewa ranar da maciji ya kuɓuce ba wanda zai tsaya tambayar ko yana da dafi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake yi. In babu sarari, babu kuɗin ɓera, babu yardar mai gida, gara a bar wa bishiya kayanta. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi.